Idan an ce maka zuciyarka ta yi girma, tambayi wane ɗaki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan wata jimla da ake sallamar marasa lafiya da ita bayan an yi musu hoton zuciya, wato "zuciyarka ta yi girma" ko "zuciyarki ta kumbura". Daga nan sai a miƙa wa mutum takarda cike da lambobi da haruffan da bai san kansu ba, ya kama hanya. Wani ya isa gida ya fara wasiyya. Wani kuma, da yake babu inda ke masa ciwo, ya cusa takardar ƙarƙashin katifa, ba zai sake tunawa da ita ba sai ranar da numfashi ya gagara. Mu da muke wannan aiki abin yana damun mu ƙwarai, domin su biyun duk an rage su da bayani. Girman ɗakin zuciya alama ce da ke nuna wani abu yana wahalar da zuciyar, ko ya taɓa wahalar da ita, kuma sai an gano wannan abin sannan za a san magani, a san ko akwai haɗari ko babu.

Ɗakuna huɗu ne a zuciya, biyu a sama biyu a ƙasa, da bango a tsakiya da ya raba dama da hagu. Jinin da jiki ya gama amfani da shi yana shigowa ɗakin sama na dama, ya gangara ɗakin ƙasa na dama, wanda ke tura shi huhu ya ɗebo iska. Daga huhu sai ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka ɗakin ƙasa na hagu. Wannan na ƙarshen shi ne babban ma'aikaci, shi ke harba jini zuwa dukkan jiki, tun daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Akwai kuma bawul huɗu da ke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya koma baya. A takardar sakamako ana taƙaita sunayen ɗakunan da haruffa: LA shi ne na sama na hagu, LV na ƙasa na hagu, RA na sama na dama, RV na ƙasa na dama. Duk wanda ya riƙe waɗannan huɗun ya fara iya karanta takardarsa.

Hoton da ake kira eko da sauti yake aiki, sautin da kunne ba ya iya ji. Mutum zai kwanta a gefensa na hagu, a shafa masa jel a ƙirji, a ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Sautin ya daki tsokar zuciya ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto mai motsi. Babu allura, babu hasken eksire, shi ya sa ko mai juna biyu ana yi mata ba tare da ɗar-ɗar ba. Cikakken aiki yakan ɗauki minti 30 zuwa 45. A shekarar 1953 ne likita Inge Edler da abokin aikinsa Hellmuth Hertz suka fara gwada wannan dabara a birnin Lund na ƙasar Suwidin, kuma har yau ita ce hanya ta farko da ake auna ɗakunan zuciya.

Girman iri biyu ne, kuma cakuɗa su na haddasa ruɗani mai yawa. Akwai inda cikin ɗakin ke faɗaɗa, ya riƙa ɗaukar jini fiye da kima. Akwai kuma inda bangon ke yin kauri, cikin ɗakin yana nan yadda yake ko ma ya tsuke. Abin da ke kawo su ya bambanta. Idan zuciya tana tura jini ne a kan tirjiya, kamar a hawan jini ko tsukewar bawul ɗin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa jiki, tsokar takan yi kauri. Idan kuwa yawan jinin da ke cika ɗakin ne ya wuce misali, kamar inda bawul ke yoyo jini yana komawa baya, ko kuma tsokar kanta ta yi rauni ba ta iya kwashe abin da ya shigo, sai ɗakin ya faɗaɗa. Hawan jini da aka yi sakaci da shi shekara da shekaru yana iya kawo duka biyun, ya fara da kauri ya ƙare da faɗi.

Ga ma'aunin da mafi yawan masu eko ke bi, wanda ƙungiyoyin masana hoton zuciya na Amurka da Turai suka fitar tare a 2015. Faɗin ɗakin ƙasa na hagu a lokacin da ya cika, wanda ake rubutawa LVIDd ko LVEDD, ga namiji babba milimita 42 zuwa 58 ne, ga mace 38 zuwa 52. Kaurin bango milimita 6 zuwa 10 ga namiji, 6 zuwa 9 ga mace. Ɗakin sama na hagu idan an auna shi daga gaba zuwa baya bai kamata ya wuce milimita 40 ga namiji ba, 38 ga mace. Amma wannan awon layi ɗaya ba ya gamsarwa, domin ɗakin yakan miƙe ta tsawo ba tare da faɗinsa ya canza ba. Abin da ya fi inganci shi ne a auna yawan jinin da yake ɗauka, a raba da girman jikin mutum. Har zuwa mililita 34 a kan kowace murabba'in mita ta fatar jiki lafiya lau ne. Daga 35 zuwa 41 ƙaramin girma ne, 42 zuwa 48 matsakaici, abin da ya haura 48 kuwa babba. A ɓangaren dama, gindin ɗakin ƙasa idan ya wuce milimita 41 an ce ya faɗaɗa.

Maganar rabawa da girman jiki tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. A ce mutum biyu kowannensu ɗakinsa na sama na hagu yana ɗaukar mililita 60. Na farko dogo ne kakkaura, faɗin fatar jikinsa murabba'in mita 2, idan an raba an sami 30, babu komai. Ta biyu ƙaramar mace ce mai murabba'in mita 1.5, an sami 40, ɗakinta ya yi girma. Lamba ɗaya, hukunci biyu. Saboda haka wurin da aka yi wa mutum eko ba a auna tsayinsa da nauyinsa ba, aikin bai cika ba, kuma yana da haƙƙin ya tambaya.

Lambar da ta fi kowace jan hankali ita ce EF, wato kason jinin da ɗakin ƙasa na hagu ke fitarwa a kowane bugu. Mutane da yawa sukan ga 60 hankalinsu ya tashi, suna zaton zuciyarsu ta yi asarar kashi 40 na ƙarfinta. Ba haka lissafin yake ba. Lafiyayyiyar zuciya ba ta taɓa juye duk abin da ke cikinta. Idan ɗakin ya cika da mililita 120 ya fitar da 70, EF ya kama kashi 58 cikin 100, kuma wannan ƙoshin lafiya ne. Ga maza daga 52 zuwa 72 ne daidai, ga mata 54 zuwa 74. Daga 40 zuwa ƙasa ana cewa ƙarfin bugun ya ragu sosai, ƙasa da 30 kuwa rauni ne mai tsanani.

To a nan ne za a gane dalilin da ya sa zuciya mai rauni ke faɗaɗa. A ce tsokar ta gaji, kashi 25 kawai take iya fitarwa. Da ɗakin zai tsaya a mililita 120, abin da zai fita 30 ne, ba zai riƙe jiki ba. Sai jiki ya sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ɗakin ya buɗe har ya riƙa ɗaukar mililita 250, kashi 25 ɗinsa ya haura 60. Shi ya sa za ka ga mutum yana yawonsa da zuciya mai faɗi bai san komai ba, tsawon watanni ko shekaru. Sai dai dabara ce mai tsada. Duk yadda ɗakin ya ƙara faɗi, haka nauyin da ke kan bangonsa ke ƙaruwa, kamar robar wando da aka yi ta ja har ta daina komawa. Zoben da bawul ɗin tsakanin ɗakunan hagu ke zaune a kai shi ma ya buɗe, ganyayensa biyu su daina haɗuwa, jini ya fara komawa sama. Yoyon ya ƙara wa ɗakin kaya, ɗakin ya ƙara faɗi, yoyon ya ƙaru. Ruwa ya fara taruwa a huhu, sai haki, sai kasa kwanciya a miƙe, sai kumburin ƙafa. Magungunan gazawar zuciya na zamani an gina su ne a kan tsinka wannan zagaye, ba a kan bulalar tsokar da ta riga ta gaji ba.

Kafin a ɗora wa mutum cuta, ya kamata a tabbatar awon daidai ne, domin kuskure yana faruwa kuma mun san hanyoyinsa. Idan layin awo ya ratsa ɗakin a karkace maimakon ya yanka shi a miƙe, faɗin zai fito fiye da gaskiya da milimita da dama. Idan aka ɗora kan na'urar sama da inda tsinin zuciya yake, ɗakin zai fito gajere, lissafin yawan jininsa ya lalace. Mai ƙiba sosai, da mai cutar huhu da ta cika ƙirji da iska, hotonsu yakan fito dishi-dishi, iyakar bango ba ta fita sosai. Bugun da ba ya tafiya a kan tsari yana buƙatar a auna bugu da yawa a ɗauki matsakaici. Ko ƙwararru biyu suka duba hoto ɗaya, EF ɗinsu na iya bambanta da maki 5 zuwa 10. Don haka wanda aka rubuta wa 55 bara, bana aka rubuta 50, ba lallai zuciyarsa ce ta canza ba. Lambar da ta haura iyaka da milimita ɗaya ko biyu, ga mutumin da ba shi da wata alama kuma sauran hoton lafiya, a ganinmu maimaitawa take buƙata, ba firgitarwa ba.

Haka nan hoton ƙirji na eksire. Ana cewa zuciya ta yi girma idan inuwarta ta wuce rabin faɗin ƙirji, amma inuwa ce kawai. Hoton da aka ɗauka daga gaba mutum yana kwance a gado, ko bai ja numfashi sosai ba, yakan nuna zuciya babba alhali lafiyarta ƙalau. Wani lokaci kuma ɗakunan ba su da laifi, ruwa ne ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciyar, kamar yadda tarin fuka ko ciwon ƙoda kan jawo. Eko ne ke raba gardama.

Ɗakin sama na hagu shi ne aka fi samu da girma, kuma shi ne aka fi rainawa. Bangonsa siriri ne, don haka duk wani matsin da ya daɗe a ɓangaren hagu a jikinsa yake bayyana. Mafi yawan lokaci hawan jini ne: ɗakin ƙasa ya yi kauri ya sandare, ba ya sakin jiki ya karɓi jini cikin sauƙi, na sama ya yi ta turawa har ya buɗe. Tsufa da ƙiba da ciwon suga suna taimakawa. Dalili na biyu bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan biyu, ko dai yana yoyo ko ya tsuke. Tsukewar yawanci sakamakon zazzaɓin gaɓoɓi ce, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar bakteriya da ba a yi wa yaro maganinsa ba. Ƙofar da ya kamata ta kai murabba'in santimita 4 zuwa 6 sai ta koma 1.5 ko ƙasa da haka, a nan ne ake ganin ɗakunan sama mafi girma.

Abin tsoro a wannan ɗaki shi ne rikicewar bugu, wanda ake rubutawa AF. Bangon da ya miƙe yakan daina bugawa a tare, ya koma karkarwa. Jini ya kwanta a wani ɗan aljihu da ke gefen ɗakin, ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. AF yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Saboda haka duk wanda aka ce LA ɗinsa ya yi girma ya kamata a yi masa gwajin wutar zuciya, wato ECG, kuma ya koyi taɓa jijiyar wuyan hannunsa ya ji ko bugun yana tafiya daidai ko yana tsalle-tsalle. Idan AF ya tabbata kuma haɗarin ya kai, maganin tsinka jini ake bayarwa. Asfirin ba ya wadatarwa a wannan wuri, duk da yadda ake yawan dogara da shi. Mai tsukakken bawul na zazzaɓin gaɓoɓi da AF kuwa warfarin ne nasa, tare da gwajin INR, mai auna yadda jini ya tsinke, a kai a kai don a riƙe lambarsa tsakanin 2 da 3.

Faɗin ɗakin ƙasa na hagu dalilansa sun fi yawa. Toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta na kashe wani yanki na tsoka, wurin ya zama tabo, ya daina motsi, ragowar ɗakin ya buɗe don ya cike gurbi. A eko ana gane wannan da cewa wani sashe na bango ne ya tsaya, saura na aiki. Idan kuwa duk bangon ne ya yi laushi bai ɗaya, sai a nemi cutar tsokar zuciya. Tana iya zama ta gado. Tana iya biyo bayan ƙwayar bairos da ta kumbura tsokar, ko shan giya mai yawa na tsawon lokaci, ko wasu magungunan kansa irin su doxorubicin, ko cutar ƙanjamau, ko rikicin ƙwayar tairod da ke wuya, ko ƙarancin jini mai tsanani da ya daɗe. Bugun da ya yi makonni yana gudu ba sassauci shi kaɗai ma yana iya raunana zuciya, kuma idan aka daidaita shi takan farfaɗo. Mun jero su ne don mai karatu ya lura cewa da yawansu ana iya cire dalilin, shi ya sa tsayawa a kan "ta yi girma" ba tare da bincike ba asara ce.

Akwai nau'in cutar tsokar zuciya da ke kama mata a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Haɗarinsa shi ne alamunsa sun yi kama da gajiyar jego, sai a yi ta ba ta haƙuri. Mai jegon da ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko take farkawa cikin dare numfashi na sarƙe ta, ko ƙafarta ke ƙara kumbura maimakon ta saɓe, a yi mata eko ba tare da jinkiri ba. Da yawa suna warkewa cikin watanni idan an fara magani da wuri. Wadda EF ɗinta bai dawo daidai ba, sake ɗaukar ciki na iya zame mata barazana ga rai, kuma wannan magana ce da ya kamata likita ya zauna ya yi da ita da mijinta tare, a fili.

Kaurin bango idan ya kai milimita 15 ko fiye, kuma babu hawan jini ko tsukewar bawul da zai bayyana shi, ana zargin cutar kaurin tsoka ta gado, wadda ke samun kusan mutum 1 cikin 500. Ita ce ɗaya daga cikin dalilan faɗuwar matasa kwatsam a filin wasa.

Ɓangaren dama kuwa idan ya yi girma, ido ya koma kan huhu. Ɗakin ƙasa na dama bangonsa bai wuce milimita 5 ba, an halicce shi ne don tura jini inda babu tirjiya sosai, saboda haka da zarar matsin jijiyoyin huhu ya hau sai ya buɗe. Mafi yawan lokaci matsalar daga hagu ta taso ta yi baya. Amma akwai cutar huhu ta masu shan taba da masu shaƙar hayaƙi, akwai minshari mai yankewar numfashi, akwai sikila, akwai gudan jini da ya taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu, wanda shi kam na gaggawa ne. Wani abin da ake yawan tsallakewa shi ne huda a bangon da ke tsakanin ɗakunan sama, wadda aka haifi mutum da ita. Takan yi shiru har mutum ya kai shekara 30 ko 40. Babba da aka ga ɗakunansa na dama sun faɗaɗa ba tare da dalili bayyananne ba, a nemi wannan huda da gangan, domin da yawa ana toshe su ta jijiyar cinya ba tare da an buɗe ƙirji ba. Lambar TAPSE da ke takarda ƙarfin wannan ɗaki take nunawa, ƙasa da milimita 17 rauni ne.

Ba kowane girma ne cuta ba. 'Yan tseren nesa da masu tseren keke da suka shekara suna atisaye ɗakunansu kan fi na sauran mutane faɗi, amma bugunsu na da ƙarfi, tsokar na sakin jiki yadda ya kamata. Mai ciki jininta na ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50, ɗakunan su ɗan buɗe, su koma bayan haihuwa.

Bayan eko, binciken da ya dace ba shi da yawa: awon hawan jini fiye da sau ɗaya, ECG, gwajin yawan jini, suga, aikin ƙoda da sinadarin fotasiyam, da tairod. Inda ake da gwajin jini na NT-proBNP, mai nuna ko zuciya na shan wahala, yana taimakawa, domin idan ya gaza 125 ga wanda ba a kwance yake a asibiti ba, da wuya hakinsa ya zama na gazawar zuciya. Idan an tabbatar cutar tsokar ta gado ce, ko an rasa wani dalili, iyaye da 'yan'uwa na jini da 'ya'ya su ma a duba su.

Magani yana bin dalili. Mai hawan jini a sauko da shi ƙasa da 140 bisa 90 aƙalla, kuma kaurin bango na iya raguwa idan an dage. Mai ciwon bawul na zazzaɓin gaɓoɓi allurar benzathine penicillin duk mako 3 zuwa 4 ke hana cutar sake cin bawul ɗin. Wanda EF ɗinsa ya sauka zuwa 40 ko ƙasa, rukunin magani huɗu ne aka tabbatar suna tsawaita rai, za mu rubuta su yadda suke a jikin kwali: na farko enalapril ko lisinopril ko losartan, ko sacubitril haɗe da valsartan, na biyu bisoprolol ko carvedilol, na uku spironolactone, na huɗu dapagliflozin ko empagliflozin. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, a duba ƙoda da fotasiyam mako 1 zuwa 2 bayan farawa ko ƙari. Furosemide, maganin da ke sa fitsari, yana sauke kumburi ya buɗe numfashi, mara lafiya ya fi son sa saboda yana ganin aikinsa nan take, amma ba shi ke gyara zuciyar ba. Babban kuskuren da ake yi shi ne a bar mutum a kan shi kaɗai shekara da shekaru. Rukunin farko yana cutar da ɗan tayi, don haka macen da ke shan sa ta sanar da likita kafin ta nemi ciki.

Ana maimaita eko bayan aƙalla wata 3 ana shan cikakken magani, kuma ba abin mamaki ba ne a ga ɗakin ya ragu, EF ya hau. A nan ne wata jarrabawar take: mutum ya ji sauƙi, takarda ta yi kyau, sai ya ajiye magani. Wani bincike da aka yi a Ingila a kan masu faɗaɗɗiyar zuciya da suka farfaɗo ya nuna kusan kashi 40 na waɗanda aka janye wa magani cutar ta dawo musu cikin wata 6. Idan kuma EF ya tsaya a 35 ko ƙasa duk da magani, lokaci ya yi da za a tattauna batun na'urar da ake dasawa a ƙirji don tare mummunan bugu.

Masu yoyon bawul su kula da wannan sosai, domin a wurinsu faɗin ɗakin shi ne agogon tiyata. Bawul na iya yoyo mai tsanani mutum bai ji komai ba, alhali tsokar na lalacewa a ɓoye. A yoyon bawul ɗin tsakanin ɗakunan hagu da ya samo asali daga bawul ɗin kansa, idan faɗin ɗakin ƙasa bayan ya matse ya kai milimita 40, ko EF ya sauko 60, ana shawarar gyara. A lura, 60 da ke lafiya ga kowa a nan gargaɗi ne, domin wani kaso na abin da ɗakin ke fitarwa baya yake komawa. A yoyon bawul ɗin babbar jijiya iyakar milimita 50 ce. Wanda ya ce sai ya ji ciwo zai koma asibiti, sau da yawa yakan koma bayan an wuce lokacin da tiyata za ta mayar da zuciyar yadda take.

A gida, gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke cikin abincin da aka saya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. A bar taba da giya. Mai raunin zuciya ya nisanci ibuprofen da diclofenac da danginsu, domin suna riƙe ruwa su taɓa ƙoda. Ya hau sikeli kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya ci komai. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ke taruwa, a tuntuɓi likita tun kafin ƙafa ta nuna. Kwanciya ba motsi ba ta da amfani ga wanda yanayinsa ya daidaita, tafiya a ƙafa daidai ƙarfi ta fi masa. Amma suma, ciwon ƙirji mai danna mutum, haki a zaune, tari mai kumfa, karkacewar baki ko mutuwar hannu, waɗannan ba a kwana da su.

Ga abokan aikinmu masu riƙe na'ura da masu rubuta sakamako, muna roƙo a daina sallamar mutum da jimla ɗaya. A faɗa masa wane ɗaki ne, faɗi ne ko kauri, ƙarami ne ko babba, yaya ƙarfin bugu da bawul suke, me ake zargi ya jawo, kuma yaushe zai dawo. Minti biyar sun isa. A rubuta tsayi da nauyi da hawan jini da saurin bugu a kan takardar, a kuma faɗi gaskiya idan hoton bai fito sosai ba. Shi kuma mara lafiya ya adana kowace takardar eko da aka taɓa ba shi, ya ɗauki hotonta a waya, ya zo da tsofaffin duk ranar da za a yi sabo. Ɗakin da ya tsaya a milimita 57 shekara uku a jere hukuncinsa daban da wanda ya taso daga 50 zuwa 57 cikin shekara ɗaya, kuma ba mai iya gane bambancin sai an ajiye takardun biyu gefe da gefe.

Mun gode da ba mu fili. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya masu aikin hoton zuciya